Kyautar da Yaya Habibu Ya So Ya Karɓe

Ranar Larabar nan mai zuwa Yaya Habibu zai cika shekara bakwai da rasuwa. Sai da na ƙirga sau biyu, don da farko na ɗauka shida ne. Duk shekara idan lokacin ya zagayo mukan taru a gidanmu na gado da ke Mandawari, a yi masa addu'a, a raba abin da ya sawwaƙa, a watse. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni ce mai surutun gidan. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, bakina bai san hutu ba. Amma akwai magana guda da ya bar mini amana, na danne ta shekara bakwai ban furta ba, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro bana.

Yaya ya yi sama da shekara ashirin yana aiki a wata masana'anta da ke Sharada. Aikinsa shayar da injina mai: ya juye tsoho, ya zuba sabo, ya bi gaɓoɓin ƙarfe yana shafawa. A gida likitan inji muke ce masa, ya yi ta fushin ƙarya. Ba irin baƙin man nan na garejin kanikawa ba ne. Wani mai ne da ake harhaɗawa musamman don manyan injina masu ɗaukar zafi, garai-garai da shi, ya fi man gyaɗa haske, ba shi da wani wari mai hawa kai. Wannan tsabtar tasa ce ta yaudare mu. Mun taso muna gudun baƙin mai saboda yana ɓata riga, sai muka ɗauka wanda ba ya ɓata riga ba ya ɓata komai.

Man yakan zo a cikin wasu shuɗayen jarkoki masu kauri. Idan ya ƙare sai a bar wa ma'aikata jarkokin. Wasu su kai kasuwa, shi kuwa ya ɗauro nasa a bayan babur har Mandawari. Duk wanda ya zauna a cikin gari ya san darajar jarka. Famfo sai ya yi sati bai ɗigo ba, akwai lungunan da kurar mai ruwa ba ta shiga, sannan jarkar man girki mai ruwan ɗorawa ba ta daɗewa take tsagewa. Tasa kuwa ko daga kan bene ta faɗo ba abin da zai same ta. Ranar Lahadi yakan wanke su da kansa a tsakar gida, da yashi da toka da garin sabulu, ya jijjiga, ya ɗauraye sau uku, ya shinshina, ya miƙo mini in shinshina. In ce masa fes. Sannan ya fita rabo: matan da mazansu suka rasu, tsofaffi, masallacin unguwa, mai kunu, mai markaɗe, har Shahuci da Gwammaja inda muke da dangi.

Ɗan ragowar man da yake tsiyayowa kafin wanki ma ba a zubarwa. Teloli su zo da kwalba su karɓa don keken ɗinki, wani ya ɗiga a ƙyauren da ke kuka. Mata kuma suka gano yana laushin faso. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na shafa a ƙafata, har na yi wa wasu talla.

Hannayensa kullum cikin ƙuraje da tsagewa suke. Tsumman da yake goge mai yana aljihun wandonsa tun safe har yamma. Idan zai ci abinci sai ya wanke hannu da kananzir, ya goge da tsumman nan, ya sa a kwano. An ba su safar hannu a wurin aiki, ya kawo wa matarsa ta riƙa wanke-wanke da ita, wai safar tana hana shi jin lafiyar inji a yatsunsa. Muka yi dariya, muka ce likita ba ya son kayan aiki.

A shekararsa ta ƙarshe ƙafafunsa suka fara kumbura, aka ce ƙoda ce. Ni nake raka shi asibiti. Wata likita, yarinya ce ma a kanmu, ta daɗe tana duban hannayensa, ta tambaye shi sana'arsa, ta ce ya zo mata da takardar da ke manne a jikin jarkar. Ya ɓanɓaro ya kai. Ta karanta, ta yi mana bayani da Hausa: ba a son man ya daɗe a kan fata, da sabulu da ruwa ake wanke shi ba da kananzir ba, ba a so ya shiga baki, kuma mazubinsa ba a zuba ruwan sha ko abinci a ciki, don roba tana shan mai.

Yaya ya ce, "Idan an wanke da toka fa, likita?"

"Baba, ko da me aka wanke."

Ina so a fahimce ni a nan. Ba ta ce man ne ya kama masa ƙoda ba, dama yana da hawan jini, kuma ajali na Allah ne. Ban zo in ɗora wa kowa mutuwar ɗan'uwana ba. Shi kansa ba ta kansa ya yi ba. A cikin adaidaita sahu, a hanyarmu ta komawa, na ga yana lanƙwasa yatsu yana motsa baki. Na zaci tasbihi yake. Ashe gidajen da ya kai wa jarka yake lissafawa, yatsun suka ƙare bai gama da lungunmu ba.

Ya gwada karɓo jarkokin da kansa, sau ɗaya. Bayan la'asar ya ce in raka shi gidan Inna Talatu, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta goye shi yana jariri. Tana ganinsa ta hau murna, ta karkata shuɗiyar jarkar da ke bakin ɗakinta, ta ciko kwanon sha ta miƙa masa.

"Sha, Habibu. Ruwan jarkarka ne. Kullum na buɗe ta sai na sa maka albarka."

Ya riƙe kwanon yana kallonsa, sannan ya kafa kai ya sha. Ya ce, "Inna, dama maganar jarkar nan ce ta kawo ni."

"Me ya same ta? Ko karɓewa za ka yi?" Ta faɗa tana dariya.

"Haba Inna. Wa yake karɓe kyauta?"

Shi ke nan, muka yi sallama muka fito. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce me ya hana shi yi mata bayani. A wurinmu mutum ya ba da abu ya dawo ya ce a ba shi, abin kunya ne da yara ma suke yi wa junansu gori a kai, malamai kuma sun yi magana mai zafi game da shi. Ga shi kuma sai ya buɗe baki ya gaya wa tsohuwar da ta goye shi cewa abin da take sa masa albarka a kai shekara da shekaru ba alheri ba ne. A hanya ya dafa katanga ya tsaya, na zaci ƙafar ce, sai na ga hawaye.

Saura sati uku ya rasu, da hantsi, ya kira ni ɗakinsa. Ya ce, "Hauwa, ke bakinki ba ya jin kunya. Ki bi gidajen nan ki karɓo jarkokin, ki huda gindinsu. Ni na kasa." Na ce, "To Yaya, in sha Allahu." Har da tsokanarsa na yi, na ce ashe surutuna yana da rana.

A zaman makoki duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ambaci jarkokin. Limamin unguwa ya yi misali da su a kan sadaka mai gudana. Ina zaune cikin mata ina jin su, na ce bari a yi arba'in. Aka yi, na ce bari matarsa ta fita takaba. Ta fita, sai na fara lallashin kaina: ai ruwan shekaru ya wanke su, ai ba wanda ya faɗi ya mutu. Inna Talatu ta rayu har ta tsufa tukuf kafin Allah Ya karɓi abarsa, na riƙe wannan ya zama hujjata. Gaskiyar ita ce tsoro na ji. Na ji tsoron a ce ƙanwarsa ce ta ɓata masa suna bayan ƙasa ta rufe idonsa.

Da abin ya tsaya a tsofaffin jarkokin, da wataƙila na mutu da shi a cikina. Amma a shekara ta uku babban ɗansa Kabiru, wanda ke sayar da huluna a kasuwar Kurmi, ya nemi tsofaffin abokan aikin mahaifinsa suka riƙa tara masa jarkoki. Duk lokacin addu'ar shekara sai ya wanke su da yashi da toka, kamar yadda ya ga ana yi yana yaro, ya raba da niyyar ladan ya kai ga babansa. Sababbi, waɗanda man bai daɗe da ƙarewa a cikinsu ba. Ina kallo. Akwai shekarar da ma ni na faɗa masa gidajen da suka fi bukata. Wannan ne ban san da wace fuska zan gaya wa Yaya ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da a ce zai leƙo garin yau. Kowane lungu da janareto, man inji a cikin gorar ruwa ake sayar da shi a bakin titi, babu takarda babu suna. Wanda aka juye daga inji kuma a tuttule shi a kwata, taku kaɗan daga rijiyar gida. Na ga mai markaɗe yana ɗiga wa injinsa mai, tattasai na fitowa ta ƙasa. Na san ransa zai ɓaci da wannan duka, don tun ranar da likitar nan ta yi masa bayani ya daina ganin mai yadda yake ganinsa a da. Amma ba na jin zai yi faɗa da su. Su ba a gaya musu ba. Ni zai nema.

Makon jiya na je gidan gado don shirin addu'a. Ina shiga soro na tarar da jarkokin bana a jere har sun kusa taɓa azara. A tsakar gida matar Kabiru ta riga ta cika guda, ta tsiyaya a kofi za ta dama wa 'yarsu kunu, yarinyar da ba a daɗe da yayewa ba. Rana ta haska kofin, na ga wani ƙyalli mai launi-launi yana yawo a saman ruwan. Ban san lokacin da na fizge kofin na watsar ba. Na sa aka kira Kabiru, na gaya masa komai a tsaye, tun daga asibiti har ɗakin babansa.

"Gwaggo, Baba ne ya faɗa miki haka? Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"Kuma kika bar ni shekara huɗu ina rabawa da sunansa?"

Yaron bai ɗaga mini murya ba, tarbiyyarsa ba ta ba shi ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Washegari da safe ya sa rodi a wuta ya bi jarkokin soron ɗaya bayan ɗaya ya huda. Da ya gama ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Na soro na gama da su, Gwaggo. Na gidajen mutane kuwa ke aka bar wa." Tun ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Idan aka tambayi mutanen Mandawari me ya rage na Malam Habibu, za su ce kyauta, kuma ba su yi ƙarya ba. Mutum ne da bai iya ganin tsohuwa tana neman mazubin ruwa ya wuce ba. Amma ni na ga abin da ya fi kyautar. Na ga mutumin da yana kan gargara, damuwarsa ba ciwonsa ba ce, ruwan da maƙwabta ke sha ne, har ya yarda a zubar masa da sunan da ya tara in dai za a raba mutane da cutarwa. Wannan ɓangaren nasa ba wanda ya sani, saboda ni na ɓoye shi, ina ganin kare shi nake yi. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa abin da ya yi cikin rashin sani, ni kuma Ya yafe mini wanda na yi ina sane.

Ranar Litinin na fara, daga Shahuci. Gidan farko matar ta saurare ni har na gama, ta ce, "To Malama, a me zan zuba ruwa?" Na ba ta jarkar man girki da na taho da ita, ta karɓa tana juya ta, ta ce wannan ai ba ta da ƙwari. Haka ne, ba ta da shi. Gida na biyu aka ce mini in ji tsoron Allah, mutum ya mutu ana bin kyautarsa. Zuwa yau na karɓo biyar, ban kuma san iyakar waɗanda suka rage ba, don wasu sun bi amare gidan miji, wasu an yi kyautar kyauta da su.

Saboda haka duk wanda ke da shuɗiyar jarka mai kauri da ta fito daga hannun Habibu ko ɗansa, ko ma daga hannun wani in dai man inji ta taɓa ɗauka, kada ya jira ni. Ya juye ruwan, ya huda ta yau. Idan kuma na riga ku, kuka ji wata tsohuwar malamar makaranta ta yi sallama tana neman a dawo da kyautar mamaci, ku faɗa mini duk abin da ya zo bakinku, na cancanta. Amma ku miƙo mini jarkar.