Watan da Gazali Ya Gani, Ni Ban Gani Ba

Ranar Talata, 13 ga Agusta, 2024, da hantsi, ina zaune a ƙofar gidana a Ƙofar Marke, cikin Sakkwato, ina gardama da mai gyaran rediyo, sai Saifullah ya kira ni ya ce mahaifinsa, Injiniya Gazali Tambari, ya cika. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, da mai jirgi da mai tifa. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana yawo a sama, kan tabarma ya rasu a ɗakinsa a Gidan Dare, bayan jinyar kwana tara. Anka yi masa sutura bayan la'asar, sama kuwa ta shimfiɗa farin gajimare daga gabas har yamma. Na ɗaga kai a maƙabarta na ce a raina, kai Gazali, har ranar tafiyarka sai da anka yi maka irin sararin da kake so.

Wanda duk ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Sunana Audi Mode, kuma aji huɗu na firamare na tsaya. Benci ɗaya munka zauna da Gazali, shi yana rubutu ni ina ba 'yan aji dariya. Shi ya wuce har ya zama injiniya, ni na wuce tasha. Bayan shekaru sai ga mu mun sake haɗuwa a kamfanin siminti na Kalambaina, yana sanye da farar hular kwano yana nuna inda za a fasa dutse, ni ina cikin tifa ina jiran a loda mini. Bai taɓa wuce motata bai tsaya ya leƙo ya ce "Audi, ina gajiya" ba. Na fi son a ce ya wuce. Da ya yi girman kai da na samu abin riƙewa.

Gazali, bari in yi magana da kai, tunda yau ba ka da damar katse ni. Ka koyi tuƙin jirgi don sha'awa kawai, kuka haɗu ku uku kuka mallaki wani ɗan jirgi mai kujera huɗu, wanda in ya tashi ƙararsa kamar injin markaɗe. Sau da yawa na kai ka filin jirgi, na tsaya bakin waya ina kallon tsirfe-tsirfenka. Sai ka zagaya jirgin kana shafa shi kamar mai sayen rago. Ka tsiyayi mai a ɗan kofi ka ɗaga shi a rana ka ga ko da ruwa a ciki. Ka fiddo wata tsohuwar takarda da ka haddace tun tuni, ka bi ta layi-layi da yatsa. Na ce maka, "Ni da nake tuƙa tan talatin, taya kawai nake harba da ƙafa in yi bismilla." Ka ce, "Kai in ta mutu maka gefen hanya kake fakawa."

Abin da ban gane ba shi ne son da kake yi wa gajimare. Abokan naka biyu ranar da sama ta yi garau suke tashi. Kai kuwa sai damina ta kankama, an wayi gari a lulluɓe, sannan ka buga waya wajen masu duba yanayi, ka yi ta tambaya kamar mai neman aure. In hadari ne baƙi mai tsayi, ko kusa ba ka zuwa, kana cewa wannan ba abokin wasa ba ne. In kuwa shimfiɗaɗɗen gajimare ne mai laushi, har rawar ƙafa kake. Ka ce mini a cikinsa mutum ba ya ganin komai sai fari, jikinsa ya riƙa gaya masa ya karkata alhali yana daidai, ko yana daidai alhali ya karkata. Dole ka ƙaryata jikinka ka gaskata agogunan da ke gabanka. Ka jure minti biyu ko uku, sai ka ɓullo sama, ga rana tas, ga gajimaren a ƙarƙashinka kamar an baza auduga a kasuwa. Kana faɗi idonka na ƙyalli. Ni kuwa ina cewa a raina, mu da ke ƙasa mun shanya gero ba mu san ko za a yi ruwa ba, wani yana can yana shan rana shi kaɗai.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗiyata Shamsiyya.

Abu ɗaya Allah ya ba ni wanda bai ba ka ba, ido. Tun ina saurayi anka san ni a unguwa da ganin jinjirin wata. Ranar ashirin da tara ga wata, da magariba, mutane kan ce a jira Audi ya sauko daga soro. Ranar kaɗai Liman ke kirana Malam Audi. Shamsiyya tun tana 'yar shekara biyar take bina sama, tana riƙe da gefen rigata, ina nuna mata inda za ta kafa ido, bisa kan wata dabino da ke yamma da masallaci. In na gani na nuna mata, sai ta sauka da gudu tana shela, "Babana ya gani!" Ban da takarda ko ɗaya a bango, amma ina da wannan.

Sai azumin da ya faɗo tsakiyar damina, shekara goma sha biyu da sunka wuce. Ranar ashirin da tara za ka kai wa wani abokinka saƙo Gusau ka dawo. Shamsiyya, tana 'yar sha biyu lokacin, ta kwana uku tana roƙona in bar ta ta bi Baffa Gazali. Uwarta Lantana ta sa baki, na yarda ina gunaguni. Da magariba na hau soro ni kaɗai. Sama a rufe ruf, ko jan faɗuwar rana babu. Na zare ido har ya yi ruwa, na sauko na sha kunu.

Muna zaune ƙofar masallaci ana jiran isha'i, sai ga motarka. Yarinyar nan ta diro tun ba a gama tsayawa ba tana ihu, "Mun gan shi! Ni da Baffa mun gan shi! Siriri, a saman gajimare!" Wai a can kunka buɗe baki da dabino, yana gabanku kamar an rataye shi. Jama'a sunka yo kanka caa, ko kallona ba wanda ya yi. Liman ya tambaye ka, ka ce, "Allah gafarta Malam, na gan shi, amma ina ƙafa dubu takwas sama da ku. Hukuncin irin wanga gani ku malamai kuka san shi." Liman ya ce shi kam sai ya ji daga wanda ya gani daga ƙasa, ko kuma a jira sanarwa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ai ni ma na gan shi."

Liman ya gyara zama ya ce, "Malam Audi, matso kusa. Ka san nauyin abin da za ka faɗi, azumin mutane ne. Mi ka gani, kuma ta ina?" Na matsa. Ina ganin Shamsiyya ta gefen ido, ta daina tsalle. Saura kaɗan in ɗora rantsuwa a kan abin da ban gani ba, a watan azumi, a ƙofar masallaci, don kawai wata yarinya ta sake cewa babanta ya gani.

Sai ka dafa kafaɗata ka yi dariya ka ce, "Audi, anya ba fitilar jirgi ka hango ba?"

Na kama maganar da hannu biyu. Na ce to, wataƙila ita ce, don na ga tana ɗan motsi. Masallaci ya kwashe da dariya, har Liman sai da ya rufe baki da rawani. Tun ranar sunana ya koma Audi Mai Ganin Jirgi. Yara na ganina su nuna sama. Ni da nake tsokanar kowa a Ƙofar Marke, na zama abin tsokana, na kuwa riƙa taya su don kada a ga ya yi mini zafi.

Ka fitar da ni daga wuta a ranar, Gazali, ni kuma na shekara goma sha biyu ina jin haushinka. Na ci abincinka, na yi maka barkwanci a bikin ɗiyarka Ihsan, ka biya mini asibiti da aka yi mini aikin ido ba tare da ka bari Lantana ta gaya mini ba sai daga baya, duk ina jin haushinka. Shamsiyya ba ta sake bina soro ba. Ranar Asabar gidanka take wuni tana karanta littattafan yanayi. Da ta gama sakandare kai ka zo ka durƙusa gabana, da furfurarka, ka roƙe ni in bar ta ta tafi makarantar koyon tuƙin jirgi. Na bari ne don kunya. Da ta samu lasisi bara, kai ta fara kira, ni na ji a bakin uwarta. Yanzu ita ma in ta ga gari ya lulluɓe sai ta leƙa taga tana murmushi, irin naka sak.

Ranar rasuwarka ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba. Kunyar faɗi nake, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Ina tsaye ana ta ba ta haƙuri, ni kuwa ina auna hawayen, ina tambayar kaina ko kukan da za ta yi ranar tawa mutuwar zai kai rabin wannan.

Bayan addu'ar uku munka dawo gida, na same ta a tsakar gida da littafinka a cinya, wanda kake rubuta kowace tashi a ciki, matarka Hajiya Mariyatu ta ce ita ka bar wa. Na zauna nesa kaɗan na ce, "Shamsiyya, daren can na azumi, ban ga wata ba. Fitilar jirgin ma ban gani ba. Ƙarya na yi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Baba. Daga Gusau munka taho, ta gabas. Kai kuwa yamma kake kallo."

Na ce, "To mi ya hana ki faɗi?"

Ta ce washegari ta je maka da fushi, ta ce babanta ya ba ta kunya. Wai ka ce mata ta kama bakinta, mutumin da ya kusa jefa kansa cikin zunubi don kada ya rasa ɗiyarsa, ba a yi masa fushi, lallaɓa shi ake yi. Ka ce mata kuma idon da ta ga watan da shi a sama, a kan sorona anka koya masa inda zai duba, kai da agogunanka ba ka lura ba sai da ta nuna maka. Ta ce ta daina hawa soro ne don ta ga tun ranar ba na iya haɗa ido da ita. Sannan ta matso ta zauna kusa da ni, ta buɗe mini shafin ranar. Na kai shi kusa da hancina na haɗa baƙin da ƙyar. Ka rubuta Gusau zuwa Sakkwato, awa ɗaya da minti biyar, gajimare. A ƙasa ka ƙara da cewa ɗiyar Audi ta ga wata.

Ɗiyar Audi ka rubuta. Na ce mata hayaƙin murhun uwarta ne ya shiga mini ido, alhali ba a hura wuta ba.

Don haka jama'ar Ƙofar Marke ku shaida, da Liman in yana jin karatu har yanzu, ban ga komai ba a ranar. Sunan da kunka ba ni ma ban cancanta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Mariyatu, da Saifullah da Ihsan, da dukan zuriyar Tambari, da abokan tafiyarsa biyu. Allah ya ba ku haƙurin wanga babban rashi. Ya Allah ka jiƙan bawanka Gazali, ka yafe masa kurakuransa, ka suturta shi kamar yadda ya suturta ni a bainar jama'a, ka haskaka kabarinsa, ka albarkaci bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Gazali, ka yafe mini. Ina roƙa maka Aljanna mafi ɗaukaka, ta can sama, da zuciya ɗaya nake roƙon. Ni in Allah ya ji ƙaina na samu ko ta ƙasa ce, na yi maka alkawari zan ɗaga kai in gaishe ka, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina kada in ji haushi.