Dunduniyar Tela Sanɗa

Duk layinmu babu wanda bai san Tela Sanɗa ba. Shekara arba'in da biyar a duniya, dunduniyarsa ta hagu ba ta taɓa gaisawa da ƙasa ba. A kan yatsu yake tafiya, kamar mai shirin kama kazar maƙwabta. Takalminsa na hagu, gaba ya cinye har da taga, baya kuwa sabo fil, ka ce yau aka ciro shi daga kwali. Ga shi mutum ne da bai san zama ba. Kafin ka gama amsa gaisuwarsa ya kai bakin titi ya dawo sau uku. In ya hau keken ɗinki kuwa, har allura sai ta nemi a ba ta hutu.

Da shekaru suka ja, gaban tafin ƙafar ya yi kanta, kantar ta fashe ta zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa. Matarsa ce ta tasa ƙeyarsa har asibiti.

Likitan ƙashi ya kwantar da shi, ya miƙe masa gwiwa, ya tura tafin sama, ƙafa ta ƙi. Ya lanƙwasa gwiwar ya sake turawa, sai ga ta ta biyo lafiya lau.

"Malam, sha-raɓar nan tsoka biyu ce," in ji likita. "Ta sama ta taso tun daga bayan gwiwa, ɗayar tana kwance ƙarƙashinta. Su ne suka haɗu suka zama agara, ta kama dunduniya. Taka ta saman ce ta yi gajarta. Ba zan taɓa agarar ba, can sama zan ɗan tsaga jijiyar ta saki. In aka bari haka, duk nauyinka yana kan gyambon nan, ƙarshenta ka rasa yatsu."

"Au, sakin kalmasa ne? Ai sana'ata ce. To likita, ƙara min inci biyu, a bar rara. Ko wandon yaro ba a yanka shi cif-cif."

"Wannan in ya yi yawa ba a ragewa. Sai ka koma tafiyar agwagwa, ko matakala ta gagare ka."

Sanɗa ya zaro tef daga wuya zai auna da kansa. Matarsa ta fizge ta ce, "Baban yara, nan ba shagonka ba ne."

Aka yi aiki, aka naɗe ƙafar da filasta har gwiwa, aka ce sati shida ban da yawo, ban da keken ɗinki. Sati shida, ga mutumin da kujera ba ta san ɗuminsa ba. Kwana na biyu ya ƙirga ƙusoshin rufin ɗaki har ya raɗa musu suna. Na uku ya farke matashin kai ya sake ɗinke shi da hannu, sau bakwai. Ran na biyar matarsa ta dawo daga kasuwa ta iske shi gaban keke da babban almakashi, ya fara cin bakin filastar.

"Me zan gani haka?"

"Likitan nan rowa ya yi min. Kin san sabon ɗinki da ɗuminsa ake ja. Zan ɗan taka keke ne jijiyar ta ƙara miƙewa."

Ta karɓe almakashi, ta cire igiyar keken ta ɗaura a ƙugunta, ta juye masa buhun maɓallai a tabarma ta ce ya ware su kala-kala. Duk lokacin da ya gama, sai ta sa ƙafa ta haɗe su. An ce har yau in ya ga maɓalli sai idonsa ya kawo ruwa.

Ranar da aka cire filasta, gyambo ya rufe ruf. Likita ya ce ya tashi ya taka. Sanɗa ya sauke dunduniya a hankali, kamar mai gwada ruwan wanka, har ta zauna daram a ƙasa. Ya tsaya wuri ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba, sannan ya ce, "Ashe haka siminti yake da sanyi?"

Da ya dawo gida ya sa wando, sai ga ƙafar hagu tana sharar ƙasa. Ashe shekara talatin duk wandunansa yana ƙara wa ɓangaren nan tsawo. Matarsa ta miƙa masa almakashinsa ta ce, "Ga rarar da kake nema, sai ka yi ta ragewa."

A tsaye ya rage su, wando goma sha huɗu, yana yi yana leƙen titi.