Tsaye-tsayen hanyar Ɗa'if

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa wa wani Balarabe mota a Riyad, na yi wata doguwar tafiya da abokina da muke ɗaki ɗaya a unguwar Manfuha. Shi ɗan dako ne a kasuwar kayan gwari ta Aziziya, kuma ya girme ni sosai. Shekararsa goma sha ɗaya a ƙasar, amma in ka cire Umara biyu da ya je a motar haya, bai san ko'ina ba sai kasuwa da ɗaki da masallacin layinmu. Rannan sai ya ce mini an buga masa huruj, wato bizar barin ƙasar, zai koma gida gaba ɗaya, yana so in kai shi Ɗa'if ya yi sallama da ƙanensa.

Kafil ɗina, wato Balaraben da nake wa aiki, ya ba ni aron tsohuwar motarsa, da sharaɗin in dawo Asabar da yamma, don Lahadi zan kai yara makaranta. Muka kama hanya Juma'a bayan Asuba. Ni kuwa irin direbobin nan ne masu alfaharin ba sa tsayawa sai mai ya ƙare.

Ko awa ɗaya ba mu yi ba, a gangaren da titi ya ratsa tsakiyar dutse, ya ce in tsaya. Ya fita ya dinga kallon dutsen kamar mai shirin saye. Gaba kaɗan muka iske jan yashi, ya sake cewa in tsaya. Ya cire takalmi ya hau tudu, ya dawo da yashi cike da robar ruwa. Sai garken baƙaƙen raƙuma. Sai wata gonar dabino. Kowace tsayawa ina zaune a mota ina duba agogo ina tsaki, shi kuma ko hoto ba ya ɗauka, kallo kawai.

Bayan la'asar ya ce ya ji labarin wani ƙaton rami da ake kira Wahaba, yana so mu ratse mu gani. Na san wurin, ratsen ya fi awa ɗaya. Na ce masa gaskiya Yaya abin ya isa, ni ba yawon buɗe ido na fito ba, motar mutane ce a hannuna. Na wuce mararrabar da gudu.

A gidan mai na gaba ya shiga bayi, ni ina mota. Da ya fito sai na ga ya nufi wata farar mota da ba tamu ba, ya kama ƙofa yana ja, har mai motar ya fara yi masa faɗa. Na je na kamo hannunsa ina dariya, ina cewa tsufa ya zo. Sai da muka zauna ya ce:

"Ba tsufa ba ne. Suga ce ta taɓa mini ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ma likita ya ce ba zai daɗe ba. Shi ya sa kafil ɗina ya sallame ni."

Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, amma ban sani ba. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba, ya ce ba ya son a riƙa riƙe masa hannu tun lokaci bai yi ba.

Na juya mota. Mun isa bakin ramin rana ta yi sanyi. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko farin da ke can ƙasa ruwa ne. Na ce gishiri ne ya bushe. Ya ce in ci gaba, in faɗa masa duk abin da nake gani. Haka na tsaya ina zayyana masa baƙin dutse da 'yan bishiyoyin dabino da ke maƙale a gefe, ni da ban taɓa siffanta komai ba sai hanyar gidan wani.

Washegari ni ne mai cewa mu tsaya. Bayan ya yi sallama da ƙanensa, mun hau duwatsun Ɗa'if, hazo ya rufe mu, biri ya fizge masa ɗan itacen rumman a hannu. Ban shiga Riyad ba sai Lahadi da hantsi. Kafil da kansa ya kai yaransa makaranta, ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata.

Har yau in na tuna tsakin da na riƙa yi a motar nan, kunya nake ji. Na koyi cewa in mutum ya nace a kan abin da kake ganin shirme ne, ka fara tambayarsa dalili kafin ka ɗaga murya.

Yanzu yana gida, haske kawai yake bambancewa da duhu. Kwanaki ya kira ni, ya ce yaransa sun ƙi yarda akwai ramin da zai haɗiye unguwarsu gaba ɗaya, in yi masa shaida. Ya miƙa wa babbarsu wayar. Na ce mata babanta ragewa ma ya yi.