Randar Nyasakwa Mai Gurnani

A ƙauyenmu da ke bayan kasuwar Ng'iya ba mai kiran Perpetua Awuor da sunanta. Nyasakwa ake ce mata, don daga Sakwa aka auro ta. Shekara talatin da biyu tana ginin tukwane. Ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, jarkokin roba sun zo sun karya kasuwar randa, duk ba ta saki yumɓu ba. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, irin wadda in ka ce mata hanya ba ta ɓullewa sai ta je ta gano da idonta.

'Yarta mai aikin jinya a Nairobi ta aiko mata da talabijin da faifan sola. Nyasakwa kuwa mayyar fim ce, na yaƙi da na tseren motoci. Sai dai muryar akwatin ba ta fi kukan sauro ba: bene guda ya rushe, ka ji ƙis. Abin ya tsaya mata a rai tun ranar da ta ji lasifika mai gurnani a wani kanti a Kisumu, irin wadda ke ratsa ƙirji. Da ta tambayi kuɗinta, mai kantin ya dubi silifas ɗinta ya ce, "Mama, saurare kyauta ne. Ki saurara ki wuce."

Oloo mai gyaran rediyo ya ba ta tsohuwar lasifikar wata motar haya da ƙaramar na'urar ƙara sauti, a bakin randa biyu.

"Akwatin katako take so," in ji shi. "Samari kan kifa ta a bakin randa, amma randar ruwa ba ta da jiki, sai ta yi ta kakkarwa. Ana son kauri kamar yatsa uku, da kafa a gefe ta numfashi."

"Katako na kafinta ne, ɗana. Ni ƙasa na sani."

Ta gina randar, ƙatuwa, da ƙyar take ɗaguwa. Ran Alhamis matan ƙauyen ke gashin tukwane, wuta ɗaya ga kowa, kowace ta kawo ciyawarta da itacenta. Kowace kuma da gurbinta. Na Nyasakwa a tsakiya yake, inda wuta ta fi ci daidai, gurbin da ta gada daga surukarta. Tana dire kayanta Uwar Okoth, shugabar magina, ta zagaye abin sau biyu.

"Wannan fa, randa ce ko turmi?"

"Randa ce, Yaya."

"Kin fi kowa sanin mai kauri fashewa take a wuta, ta tafi da na kusa da ita. Ga ta kuma da huda. Wa ya taɓa gina randa don ta yi yoyo?"

"Ba ruwa za ta sha ba. Magana za ta yi."

Mata suka kwashe da dariya, har da masu tafawa. Uwar Okoth ba ta dara ba.

"Ko ki fitar da ita ki zauna, ko ku fita tare. Kin kuma san ba a ajiye wa kowa gurbi."

Gaskiya tsohuwar ta faɗa, Nyasakwa ma ta san haka, shi ya sa abin ya ƙara ƙona mata rai. Ta gyara gammo, ta ɗora randarta a ka.

"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ku ci wutarku lafiya."

Ta hura tata wutar a bayan ɗaki. Randar farko ta tarwatse da ƙarar da aka jiyo har bakin rafi, mata suka sami abin yi na mako guda: "Ai kuwa ta yi maganar!" Ta biyu ta tsage daga baki har gindi. Nyasakwa ta dake tsingaron duka biyun ta cuɗa da sabon yumɓu, ta gina ta uku, ta bar ta wata guda cur tana shan inuwa a ƙuryar ɗaki. Ranar gashi ta duba, ciyawarta ta ƙare, kuma ta rantse ba za ta roƙi kowa ba. Sai ta jingina tsani, ta hau ta yaye jinkar madafinta, ta yi gashin da ita. Damina na bakin ƙofa, amma ko a jikinta.

Randar ta fito jawur. Ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta amsa can ƙasa-ƙasa. Oloo ya zo ya cusa auduga a ciki, ya kifa lasifikar a baki ya liƙe da tsohon tub ɗin keke, ya haɗa wayoyi. Da la'asar aka kunna. Jirgin yaƙi na tashi a fim kwanon rufi ya ɗauki rawa, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. Nyasakwa ta yi dariya har da hawaye.

Kwana uku bayan nan sai ga Uwar Okoth da kanta. Ta ɗora tafin hannu a jikin randar ana tsakiyar harbe-harbe, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Kin iya, 'yar Sakwa. Ki dawo ran Alhamis. Gurbinki an ba wata, amma a gefe da wuri."

"A gefe, Yaya? Shekara talatin da biyu, a gefe? Na saba da wutata."

Ba ta koma ba. Yanzu har daga Siaya ake zuwa neman randarta, tana girki a madafi marar rufi, ruwan sama na kashe mata wuta tana zaginsa. Amma tana kewar matan nan ƙwarai, ko da yake gara a yanka ta da ta faɗa. Duk ran Alhamis, da hayaƙinsu ya tashi, iska ta fara kawo waƙarsu, sai ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, ta murɗe sauti har ƙarshe.