Tambayar Mai Masauki

Duk shekara, idan shinkafa ta nuna a fadama, zauren gidanmu a Haɗeja yakan cika da 'yan ci-rani masu zuwa yanka. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi ne mai masaukinsu, ni kuma mai girki. Yana da ƙa'ida ɗaya da ya gada wajen mahaifinsa: baƙonsa ba ya barin hannunsa sai ya san hannun da zai karɓe shi.

Cikinsu akwai wani saurayi daga wajen Guri, ɗan masunta. Ciyawar kacala ta toshe musu ruwa, ya koma ƙwadago. Yakan ci tuwo kamar ana korar sa, maigidana kuwa ba ya gajiya da tsokanar sa.

Wata shekara saurayin ya dawo daga tasha yana murmushi. Wani mai mota ya yi masa alkawarin aiki a gonar dabino a Libiya, har ya karɓi katinsa na ɗan ƙasa, wai zai adana masa.

Maigidana ya ce, "Madalla. Kawo shi mu ci abinci, in ba shi amanarka."

Mutumin ya zo bayan azahar. Na aika da dambu da kifi, na tsaya bayan ƙofar zaure.

"Alhaji, wa zai sauke yaron nan a can?" in ji maigidana.

"Akwai mutanenmu, Malam."

"Mutanen ba su da suna? Kira mini ɗaya mu gaisa. Ko akuya zan aika Kaugama, sai na san gidan da za a ɗaure ta."

Saurayin ya ce, "Baba, ni ne akuyar?"

"Yi shiru. Ita ai tana tauna kafin ta haɗiye."

Mutumin ya ce lambar tana ɗaya wayar, bari ya ɗauko a mota. Maigidana ya ce ya ajiye katin tukuna, kada ya faɗi a hanya. Ya ajiye shi kan tabarma. Dambun ya huce, bai dawo ba.

Saurayin ya yi fushi. Har aka gama yanka bai sake sa hannu a kwano ɗaya da maigidana ba. Maigidana kuwa kullum sai ya bar masa kan kifi. Motar ta tafi da wasu daga wani masaukin. Iyayensu mata har yau suna zuwa tasha tambaya.

Bara maigidana ya rasu. Na rufe zauren, ban yi niyyar sake buɗewa ba.

Bana da shinkafa ta nuna, na ji sallama. Saurayin nan ne, da bandar kifi a hannu, ƙaninsa na biye da shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ga shi na kawo miki. Na gaya masa ƙa'idar gidan."

Na miƙa masa tsintsiya da makulli, na koma na ƙara ruwa a tukunya.