Rijiyar Malam Hamzat

Malam Hamzat bai taɓa zama malamin kimiyya ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanke kwalaben ɗakin gwaji a wata sakandare a Fagge, yana kasa kunne daga bayan aji. Da ya yi ritaya, kalma ɗaya ya dawo mana da ita unguwa: haifotasis. Ma'anarta, in ji shi, bayanin da mutum ya kawo kan dalilin faruwar abu, amma bai gwada ba tukuna. Ko cewa ka yi zafi ne ya kashe maka batir, sai ya tambaye ka yadda aka yi ka sani. Ni kam in na hango shi canza hanya nake yi.

Daminar bara gudawa ta kama yaran layinmu. Nan da nan aka ce zoɓon Maman Amarachi ne, matar da ta shekara goma sha biyu tana zuwa daga Sabon Gari tana kafa teburinta a bakin layi. Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci za a kore ta. Malam Hamzat ya miƙe.

"Wannan haifotasis ne, Alhaji," ya ce wa mai unguwa. "Ba a korar mutum da zato. Ku ba ni kwana uku."

Aka yi masa caa, wai yana kare bare. Ko a jikinsa. Ya bi gida gida da biro da takarda, yana tambayar iyaye mata abin da yaro ya ci da abin da ya sha. Yara bakwai cikin masu ciwon ko ɗanɗana zoɓon ba su taɓa yi ba. Amma duk gidajen a rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa, wadda shi kansa ya haƙa sadaka ga marigayiya matarsa, Rabi'atu. Ya kai ruwan aka auna, ashe kwata ce ta ɓulle ciki.

Dattawan da ke kumfar baki kwanakin baya sai ga su suna lallashi, wai a rufa asiri, rijiyar lada ce. Ya ƙi. Ranar na ji kunya ƙwarai, don ni ma da bakina a zancen korar.

Da hannunsa ya kwaɓa simintin toshe rijiyar. Maman Amarachi ta bar teburinta ta zo ta tsaya a kansa.

"Baba, rijiyar Mama ce fa."

"Na sani," ya ce, yana shafe murfin. "Rabi'atu ba ta haihu ba. Ba zan bari sadakarta ta kashe 'ya'yan mutane ba."