Tafin da aka yi wa Bitrus, ni na karɓa

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Bitrus a nan Greensboro. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, alhali duk danginmu babur muke jiye masa.

Tun a Jos acaɓa yake yi. Da ya zo Amurka ya samu aikin kanikanci, ya kama ɗan gida a Glenwood cikin ɗalibai. A nan ya kamu da son tseren da ake kira speedway: babur marar birki, mutum huɗu a da'irar turɓaya, kowa na shan kwana a karkace, ƙafar hagu na sharar ƙasa. Jiharmu ba ta damu da wasan ba, don haka ya roƙi wani abokin aikinsa filin bayan gida a Pleasant Garden, ya share da'irarsa da kansa. Duk Asabar yana can, 'yarsa Rahila na zaune kan tsohuwar taya tana kallo. Burinsa ya shiga gasar ƙasa ko sau ɗaya, ko da shi zai zo na ƙarshe. Shekarar da aka gayyace shi wasan share fage, jinya ta riga ta kwantar da shi.

Yanzu Rahila ta cika sha tara, ita ke hawan babur ɗin. Mahaifiyarta Saratu ta ce zuciyarta ba za ta iya kallo ba, sai tuƙin kai ta wasanni ya faɗo kaina, ni direban bas da ban san komai a wasan ba. Kakar bana mun ja tirela zuwa arewacin New York, mun kuma ratsa ƙasar nan har California. Na koyi gyaran sarƙa, na koyi ihu. Gaskiya na ji daɗi, kuma daɗin ne yake damuna, domin duk wuraren nan Bitrus a waya kawai ya gan su.

A gasar zakarun matasa Rahila ta zo ta uku. Tana kan dandamali mai sanarwa ya ce ta lasifika, “Ga mahaifinta can, a tafa masa!” Na miƙe, na ɗaga hannu, jama'a suka yi ta tafi. A wurinmu wan uba ai uba ne, na sha gaya wa kaina haka. Amma na san ba don al'ada na miƙe ba. Tafin ne ya yi mini zaƙi.

A hanyar dawowa na ce mata, “Rahila, da ma na gyara wa mutumin nan maganarsa.”

Yawanci da Turanci take amsa mini. Ranar da Hausa ta amsa.

“Baba, da ya faɗa na waiwaya ina neman mahaifina. Sai na gan ka.”

Har muka tsaya shan mai ban iya tambayarta ko daɗi ta ji ko zafi ba.

Ina yawan tunanin abin da Bitrus zai ce da ya ga yau. Ina jin dariya zai yi mini, ya tambayi wace taya muka saka a baya, ya ce ba ita ce ta dace ba. Bai iya riƙe mutum a zuciya ba. Hakan bai sauƙaƙa mini komai ba.

Bai bar kofi ba, sunansa ba ya cikin jerin kowace gasa. Ya dai bar yarinyar da in ta faɗi takan tashi ta fara duba wanda suka faɗi tare, kamar yadda yake yi tun a titunan Jos. Baɗi ma zan kai ta, in Allah ya yarda. In aka sake kiran mahaifinta zan miƙe, don kada ta waiwaya ta ga babu kowa. Amma zan je wurin mai lasifikar tun kafin a fara, in koya masa yadda ake faɗin Bitrus.